Kayan da Suke Komawa Kalgo

Aikina na farko bayan na gama karatun kwamfuta a Birnin Kebbi, a wata ƙungiyar makiyaya da manoma na same shi, nan garinmu Gwandu. Ƙungiyar tana da layin waya guda wanda kowa zai iya kira. In ka kira, murya za ta yi maka sallama, ta ce ka danna ɗaya don jin ranar da za a yi wa shanu allura da wurin da za a yi, ka danna biyu don labarin ruwa da gulbi, ka danna uku in dabbarka ta ɓace ko ka tsinci ta wani kana son barin saƙo. Mutanen rugage da ƙauyuka, daga Malisa har Wurogauri, sun riƙe layin nan hannu biyu, don ba ya neman karatu, kunne kawai yake so.

Wanda ya haɗa wannan abu shi ne maigidana a wurin aiki. Injiniya kowa yake ce masa, har matarsa. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, ya yi shekaru yana aikin eriyoyin waya a kudu kafin ya gaji ya dawo gida. Muryar da ke kan layin tasa ce. Ba don yana son a ji shi ba, sai don lokacin da aka fara babu wanda ya iya Hausa da Fulatanci duka kuma ya yarda ya zauna gaban makirufo. Yana da ɗabi'ar jan numfashi kafin ya yi sallama, kamar mai shirin ɗaga buhu, kuma jan numfashin nan ya shiga cikin abin da aka naɗa. Duk wanda ya taɓa kiran layin ya san shi.

Layin yana zaune ne kan manyan kwamfutoci biyu da ba a kashewa, waɗanda muke kira saba. Ɗaya tana ofishinmu na Gwandu, ɗaya tana Kalgo, a wani ɗaki da ƙungiya ta kama a bayan gidan wata tsohuwa mai sana'ar gumi, wato turara shinkafa. Ranar da na fara aiki Injiniya ya zaunar da ni ya ce, "Ɗaya ke aiki, ɗaya na gadi. In kika riƙe wannan kin riƙe rabin aikin." Ba dare ba rana sabobin suna taɓa juna ta intanet, wannan ta ce ina nan, waccan ta ce ni ma ina nan. Bugun zuciya ake kiran wannan. In mai aikin ta yi shiru, mai gadin sai ta ɗauki aikin, mai kira bai ma san an yi canji ba.

Abin da ake ɗauka ɗin ba guda ɗaya ba ne. Akwai rumbun da ake ajiye saƙonnin mutane, akwai adireshin da kira ke shigowa ta kansa, akwai manhajar da ke amsawa ta kunna murya. Ukun nan a ɗaure suke, tare suke tashi, tare suke sauka. A littattafai suna da dogon suna, amma Injiniya kaya yake ce musu. "Kaya suna Gwandu." "Bari in mai da kaya Kalgo in duba wannan." Ni ma haka bakina ya kama. Ya koya mini yadda ake tashin kaya da hannu: layi ɗaya za ka rubuta, ka faɗi sunan kayan da inda kake son su je, sai ka zuba ido a allo suna mutuwa a nan ɗaya bayan ɗaya, suna tashi a can. Tsakanin mutuwar da tashin akwai ɗan lokaci da kayan ba su ko'ina. Ban taɓa sabawa da ɗan lokacin nan ba.

Daminar da zan ba da labarinta ta zo da ruwa mai yawa. A tsakiyarta fankar sabar Gwandu ta fara kuka, sai Injiniya ya ce zai je Kalgo ya tabbatar waccan lafiyarta lau, ya mai da kaya can, sannan ya dawo mu buɗe ta Gwandu mu canja fankar hankali kwance. Ya shiga bas da safe yana tari. Ya daɗe da tarin nan, mun saba da shi har mun daina ji. Da la'asar na ga kaya sun tashi daga Gwandu sun sauka Kalgo, na san ya gama. Washegari bai zo ofis ba. Matarsa ta aiko cewa an wuce da shi asibiti Birnin Kebbi. Ni kaɗai na canja fankar.

Yana kwance a asibiti gulbi ya cika ya yi ambaliya. Ruwa ya shiga unguwannin Kalgo na gangare, turakun wuta suka faɗi, unguwar da ɗakinmu yake ta shiga duhu. Sabar Kalgo ta ci batiranta har suka ƙare, ta yi shiru. Ta Gwandu ta saurari bugun zuciya ba ta ji ba, ta ɗauki kaya, kamar yadda aka tsara ta. Na ji daɗi har na kira shi in gaya masa abin nasa ya yi aiki ba tare da an taɓa shi ba. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce ba ya iya magana, amma za ta kara masa wayar a kunne. Na faɗi abin da ke bakina. Ban ji amsa ba sai numfashi. A cikin makon nan Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan an share makoki shugaban ƙungiya, wani dattijo mai shanu da ba ya doguwar magana, ya ce a canja muryar layin. Wasu in sun kira kuka suke yi, wasu sun daina kira. Muka samu wata ma'aikaciyar lafiyar dabbobi mai jin harsunan biyu, ta zauna ta karanta komai sabo, na ɗora a kan sabar Gwandu. Ta Kalgo kuwa na je na gan ta sau ɗaya da ruwa ya ja baya. Laka ta kai gwiwa a ɗakin, batiran da ke ƙasa sun kumbura sun lalace, sabar tana can sama kan kantar da Injiniya ya kafa mata, a bushe amma a mace. Babu wuta a unguwar, babu ranar kawo ta. Na ja ƙofa na sa kwaɗo. Makulli ɗaya yana jakata, ɗayan yana cikin tarin makullan mamacin a wurin matarsa. A raina na gama da Kalgo sai ranar da ƙungiya ta samu halin gyara.

Damina ta fara ja, gero ya fara nuna, sai wata safiya wani tsohon makiyayi daga wajen Malisa ya yi sallama a ƙofar ofis. Bai shigo ba. Ya jingine sandarsa, ya tsuguna a inuwa.

"Ɗiyata, ke ce mai kula da wayar ga?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"To, shekaranjiya na kira. Injiniya ne ya amsa mini. Ya ce a kai shanu allura ranar Laraba, bakin makarantar hwaramare. Na kora su tun da sanyi, munka wuni can, ko mutum guda ba mu gani ba."

Allurar da yake faɗa an yi ta tun farkon damina. Na ce masa wataƙila ya tuna tsohon saƙo ne, don an canja muryar tuni. Na kira layin a gabansa, na buɗe sauti, muryar matar nan ta fito tangaram. Ya saurara har ta gama, bai nuna ɓacin rai ba.

Ya ce, "Na tsufa, ɗiyata, amma ina rarrabe mace da namiji. Kuma na san jan numfashin mutumen ga. Ni na riƙe mashi makara."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Na zauna ina gaya wa kaina tsufa ne da kewa.

Amma ba shi kaɗai ba ne. Wata mata daga Wurogauri ta bar saƙo a lamba uku, ba na ɓatan dabba ba, tana cewa don Allah a yi wa bawan Allah nan sadaka, bai kwanta ba. Wani ya ce ya kira da hantsi ya ji mace, ya sake kira da azahar ya ji mamaci. Magana ta shiga kasuwa. Ɗan kabu-kabun da ke kai ni ofis ya fara sauke ni nesa da ƙofa, wai ƙasar wurin tana da santsi, alhali ta bushe. Shugaba ya kira ni ya tambaye ni, na ce ba zai yiwu ba, tsohuwar muryar na goge ta da hannuna. Ya dube ni ya ce, "Ba na ce kin yi ƙarya ba. Amma mutanen ga ma ba su yi ba."

Ranar da na gani da idona, rana tsaka ce. Na idar da sallar azahar a ofis, ni kaɗai, gari ya yi zafi irin na ƙarshen damina, ko kaza ba ta motsi a waje. Ina zaune gaban allo ina sauraron saƙonnin ɓatan dabbobi, sai gefen idona ya kama wani canji. Layin da ke nuna Kalgo a allon, wanda ya daɗe yana cewa ba ta nan, ya koma yana cewa tana nan. Na ɗauka idona ne. Na goge allon da gefen mayafina. Tana nan. Bugun zuciyarta yana shigowa, daidai, ba gardama.

Ta ɗan jima tana kwafar saƙonnin da suka wuce ta. Da ta gama, sai kaya suka fara mutuwa a Gwandu. Manhaja ta tsaya. Adireshi ya sauka. Rumbu ya rufe. Hannuwana suna kan cinyata, ban taɓa komai ba, sabar Gwandu kuma lafiyarta lau, ina jin sabuwar fankarta tana juyawa a bayana. Ba a tashin kaya daga lafiyayyar saba sai in wani ya ba da umarni. Mutum biyu ne a duniya suka san yadda ake ba da umarnin nan a kan sabobin nan, ɗaya tana zaune a kujerar nan.

Kaya suka tashi a Kalgo, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki wayata na kira layin. Ƙara ɗaya, sai shiru, sai jan numfashin nan. Ban tsaya jin sallamar ba. Na ajiye wayar a kan tebur, na fita ba takalmi, na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke bakin titi ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wata mai tallar gyaɗa ta wuce tana kallona. Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba. Da na koma, Kalgo ta sake mutuwa, kaya sun dawo Gwandu, komai yana nan kamar ban ga komai ba.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da tsohon nan ya zo: na buɗe tarihin da sabar ke rubuta wa kanta. Abin ya sha faruwa. Wani lokaci da sassafe kafin in zo, wani lokaci ranar Juma'a da ba na zuwa, wani lokaci na ɗan lokaci ƙalilan, wani lokaci na rabin wuni. Kalgo ta farka, kaya su koma can. Kalgo ta mutu, kaya su dawo.

Washegari na ce wa mahaifiyata aiki zai kai ni Kalgo, ban gaya mata wane iri ba. Na shiga bas zuwa Birnin Kebbi, na canja wata. Hanya duk shinkafa ce kwance inda ruwa ya bi ta kanta, mutane suna tsintar abin da ya rage. Na iske tsohuwa mai gidan tana shanya gumi a tsakar gida, nesa da ɗakinmu, alhali da a bakin ƙofarsa take shanya don nan rana ta fi bugawa. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya karo na biyu.

Na ce, "Inna, wani ya shiga ɗakin nan?"

"Wa zai shiga? Kwaɗonki na nan yadda kinka bar shi." Ta rage murya. "Amma ɗakin ga shina numfashi. Sai in ji huuu daga ciki, kamar mutum na barci. Ya jima, ya bari. Ni dai na daina zama wajen."

"An kawo muku wuta ne?"

Ta ce an ɗaga turakun kwanan baya, amma wutar ba ta da kai, ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Ita ba ta ma lura da ita sosai, don ƙwan lantarkin ɗakinta ya mutu tun ambaliya.

Na buɗe kwaɗon. Ƙofar ta kumbura, sai da na sa kafaɗa. Lakar ta bushe ta tsattsage, babu sawun kowa a kanta sai na ƙadangare. Alamar ruwa ta zagaye bango kamar an ja layi. Warin danshi ya cika ɗakin. Kujerar Injiniya tana inda ya bar ta, ta ɗan juya gefe kamar yanzu aka tashi daga kanta, kofin shayinsa yana kan kanta kusa da sabar, ganyen ciki ya bushe ya yi baƙi. Zuwana na farko ban lura da kofin ba. Sabar a mace take. Na taɓa bayanta, na ji da sauran ɗumi.

Babu wurin zama sai kujerar nan. Na kakkaɓe ta na zauna, na bar ƙofa a buɗe don in riƙa ganin tsohuwar tana juya guminta. Na buɗe laftof ɗina na jira. Rana ta karkata. Tsohuwar ta shiga ɗaki yin salla, tsakar gidan ya zama babu kowa.

Sai ƙwan da ke saman kaina ya yi ja, ya kama. Sabar ta yi ƙara ɗaya, fankokinta suka tashi gaba ɗaya, iska mai ƙura ta bugi fuskata. Ko da na san wuta ce, sai da tsigar jikina ta tashi. Na bi wayoyin da ido, na ga yadda ya haɗa su: in batira sun mutu, wutar gari tana wucewa kai tsaye, sabar kuma ya saita ta ta kunna kanta duk lokacin da ta ji wuta. Rabin tambayata ke nan. Saura rabin: me ke jan kaya zuwa nan?

Na haɗa laftof da sabar na buɗe tsarin gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba, don shi ke taɓa wannan ɓangaren. A can ƙasa na ga layi ɗaya da ba ya cikin abin da ya koya mini. Yana cewa kayan nan wurin zamansu Kalgo ne, fiye da ko'ina, muddin Kalgo tana da rai. Na duba bayanin manhajar, na gane. Duk lokacin da mutum ya tashi kaya da hannu, na'ura tana ajiye maganarsa a matsayin sharaɗi, kuma ba ta sakinsa sai an dawo an janye. Injiniya kullum yana janyewa bayan ya gama aiki, da sauri, cikin sabo, ban taɓa lura da cewa mataki ne na daban ba. Wannan karon ya ce kaya su zo Kalgo, ya tafi da niyyar dawowa. Umarninsa na ƙarshe ne yake ta aiki. Muryar kuwa, kowace saba tana da nata kwafin. Na Gwandu na goge. Na nan babu wanda ya taɓa.

Hankalina ya ɗan kwanta, har na ji kunyar gudun da na yi ba takalmi. Ina duba tsofaffin muryoyin don in goge su, sai na ga na lamba biyu, na labarin gulbi, ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, kuma ranar da ya zo nan aka naɗe shi. Ban san da shi ba. Na sa abin sauraro a kunne.

Ya ja numfashi, ya yi sallama, ya ce gulbi yana cikowa, masu shanu a fadama su hau tudu, masu shinkafa su kwashe abin da za su iya. Ya maimaita da Fulatanci. Muryarsa tana yankewa. Ya gama, amma bai kashe makirufo ba. Na ji kujera ta yi ƙara, irin ƙarar da ta yi lokacin da na zauna. Na ji ya yi tari mai tsawo, ya kurɓi wani abu, ya ajiye kofi a kan katako. Na ji fankokin nan da ke kaina suna juyawa a cikin kunnena da wajensa lokaci ɗaya, har na kasa rarrabe na yau da na ranar. Sannan a hankali, kusa da makirufo, ya ce:

"To, ku zauna nan. In na samu sauƙi sai in dawo in mai da ku gida."

Kujera ta sake ƙara. Takun ƙafa, ƙofa, kwaɗo. Sai ɗakin shi kaɗai yana huci, har inda naɗin ya ƙare.

Na cire abin sauraron. Ban iya juya baya na kalli ƙofa ba sai da na ji tsohuwar ta fito tana kiran kajinta. Goge sharaɗin nan aikin layi ɗaya ne, na rubuta shi, amma ban danna ba. Na ga kamar ba ni ce ya kamata in fara yanke wannan ba. Wuta ta ɗauke da kanta ba da jimawa ba. Na zare wayar sabar daga bango don kada ta sake tashi, na rufe ɗakin na kamo hanya.

Da safe na je gidansa. Matarsa tana cikin takaba, na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, waya a gefen ƙafarta. Na fara yi mata bayani a hankali, ina neman kalmomin da ba za su tsorata ta ba. Ta katse ni.

"Na sani, ɗiyata. Ni ma ina jin shi."

Ta ce wata rana kewa ta dame ta, ta kira layin duk da ta san an canja, sai ta ji shi. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta taɓu. Tun daga ranar, bayan kowace salla sai ta gwada. Wata rana shi, wata rana yarinyar nan.

"In kika danna biyu kika yi haƙuri, shina magana a ƙarshe," in ji ta. "Ya ce mu zauna nan, zai dawo ya mai da mu gida. Na yi ta tunani, wane gida? Ko Aljanna yake nufi? Ko ya san zai tahi ne?" Ta dube ni kai tsaye. "Ke kin san aikinshi. Da wa yake?"

Na so in bar mata abinta. Amma ta tambaye ni ne don ta san ba zan yi mata kwana-kwana ba.

Na ce, "Inna, da kayan na'ura yake. Ya kai su Kalgo ne, yana nufin ya dawo ya mai da su Gwandu."

Sai na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ƙasa-ƙasa, har ta rufe baki da mayafi. "Wallahi shi ne," in ji ta. "Mutumen da zai shigo gida bai ce ci kanki ba, amma ka ji shi yana lallashin rediyo." Daga nan dariyar ta juye, ta yi kuka sosai, ni ma na taya ta.

Da ta lafa na gaya mata labarin tsohon da ya kora shanu zuwa allurar da aka riga aka yi, da masu jin gargaɗin ambaliyar da ta riga ta wuce. Na ce zan iya sa mata muryar a wayarta ta zama tata ita kaɗai. Ta juya wayar a hannunta ta daɗe tana kallo.

"A'a. In tana nan ba ni da sauran aiki sai saurare. Ki ajiye wa yaranshi, in sun girma su ji." Ta share fuska. "Amma ki cire shi daga layin ga. Da ranshi bai taɓa aika mutum inda babu kowa ba. Kada a sa shi ya fara yanzu."

Ta shiga ɗaki ta fito da tarin makullansa, ta zare na Kalgo ta ba ni.

Daga gidanta ofis na wuce. Na buɗe tsarin daga sabar Gwandu, na rubuta layin janyewa, na yi bismilla na danna. Babu wani abu da ya motsa a allo. Na sake buɗe tsarin, sharaɗin ya tafi. Bayan kwana biyu na koma Kalgo, na kwafe tsofaffin muryoyin na ajiye wa 'ya'yansa, na ɗora sababbin, na mai da waya jikin bango. Na jira har aka kawo wuta. Sabar ta tashi, ta ce tana nan, ta Gwandu ta amsa mata, kaya suka zauna inda suke. Na wanke kofin na kai wa matarsa.

Shugaba ya sa aka sanar a masallatai da kasuwanni cewa matsalar na'ura ce kuma an gyara. Wasu sun yarda. Da rani ƙungiya ta samu wani ɗaki a kan tudu, muka ɗauke sabar daga gidan tsohuwar, ta raka mu har bakin titi tana cewa ita dai ba za ta sa kowa a ɗakin ba sai an yi masa saukar Alƙur'ani.

Wata ranar kasuwa a Gwandu, na tsaya sayen nono wurin wata Bafulatana da ban sani ba. Tana zuba mini a kwano ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce ta wurin Injiniya ko?"

Na ce ni ce.

"Kun sallame shi?"

Na buɗe baki in fara bayanin wuta da batira, sai na fasa. Na ce, "Mun sallame shi."

Ta ce, "Madalla. Ya yi ƙoƙari. Allah shi jiƙan shi." Ta ƙara mini ludayi ɗaya, ta juya ga mai saye na gaba.